Ta Ɗaya a Allon Direbobin Albasa

Kwanan baya wani daga cikinku, ku samarin da kuka cika bakin tashar Illela da kwamfutoci da lemomi, ya tsaya gaban rumfata yana karanta allon da ke rataye a jikin ginshiƙi. Ya bi jerin waƙoƙi goman da na rubuta da alli, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Baba Umaru, wai goma kaɗai? Ni dubu nika turawa kahin ka shanye hurarka." Na ce masa Allah ya ƙara kasuwa, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, don yaron kirki ne, hannunsa kuwa ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba. Sai dai na lura ya tafi da tunanin cewa aikina tura waƙa ne a memori. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku yadda sana'ar take, tun kunnena na hagu bai bi na dama ya yi nauyi ba.

Tura waƙa kowa ya iya. Ni aikina shi ne mutum ya kawo mini waƙar da ya ji a wani wuri ya yaba, in saurara, in auna, in ce ga matsayinta a cikin goma, ko in ce ba ta hau allo ba. Masu sayen wannan hukunci nawa direbobin manyan motoci ne da ke lodin albasa daga nan zuwa kudu. Babban abokin gabarsu barcin rana ne, wanda ke zuwa tsakanin azahar da la'asar, bayan an ci an ƙoshi, kan mota ya ɗau zafi, hanya ta miƙe sambal ba kwana. Suna da al'ada a tsakaninsu wadda ba ni na ƙirƙiro ta ba. Daga ta goma zuwa ta biyu direba na kunnawa duk lokacin da ya ga dama, amma ta ɗaya ajiye ta ake yi, ba a taɓa ta sai ido ya fara rufewa da kansa, goro ya kasa, wanke fuska ya kasa, kuma babu wurin tsayawa mai aminci. To duk wanda ya ɗauki alli ya rubuta lamba ɗaya, ya sani ran wani ya riƙa a hannunsa.

Aikin farko da maigidana Mamman Ɗan-Konni ya ba ni, kaset ne da rediyo ya tauna. Lokacin ina da ƙarfina, na gudo daga gonar gero a Amarawa ina neman abin yi a gari. Ya miƙo mini kaset ɗin da zarensa a waje kamar hanjin kaza, ya haɗa mini da biro da reza da kwalbar jan farce. Na yini ina warware zare, ina yanke wurin da ya yamutse, ina manne bakin biyu da ɗigon jan farce, ina naɗewa da biro. Da na gama na kai masa ina washe baki. Bai ko duba ba, ya ce in saka in saurara. Na saurari wurin da na gyara na ce ya yi. Ya ce, "Ni kaset nib ba ka, ba wurin gyara ba. Koma farko, ka ji shi duka, ka juya bayanshi ka ji duka." Haka muka yi shekaru. Duk kaset ɗin da muka kwafa a rikoda mai baki biyu, sai na ji shi daga farko har ya tsaya da kansa kafin a ba mai shi. Na koyi goge kan rikoda da auduga da sifirit, na koyi gane batirin mota ya yi sanyi daga yadda muryar mawaƙi ke kasala. A lokacin ina ganin tsohon wahalar da ni kawai yake yi. Allah ya jiƙansa, ya ba ni abinci, ya ba ni wurin kwana, ya ba ni kunne.

Kiɗan da nake aunawa yanzu wani Buzu ne ya fara kawo mana shi, direba daga Agadas mai suna Aghali. Turawa masu yawon hamada ne suka manta kaset a motarsa, ba suna ba hoto, ya kawo a kwafa masa don na asalin ya fara ci. Da muka saka, sai da mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya zubar da ruwan zafi. Jita tana kururuwa, ganguna kamar ana sauke kwanon rufi daga mota, wani yana ihu da Turanci. Maigida ya toshe kunne ya ce, "Wagga ba waƙa ba ta, maƙera na sunka yi faɗa." Akwai wani matashin direba a zaune yana jiran nasa kaset, dogo siriri, ana kiransa Ila Dogo. Don raha ya ce a kwafa masa shi ma, ya je ya razana mutanen gidansu. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo ba dariya a fuskarsa. Ya ce tun daga Jega har Yawuri da tsakar rana bai nemi goro ba. Ya ce namu kiɗan taku ɗaya yake bi, yana jijjiga mutum kamar goyo, amma wannan da ka ce ka kama takunsa sai ya sauya, ƙwaƙwalwa ba ta samun wurin kwanciya.

Daga bakin Ila abin ya bazu a tasha. Direbobi suka laƙaba masa kiɗan ƙarfe, dogayen nan kuma masu minti goma sha da ke canza salo sau da yawa suka ce masu sauya taku. Daga baya ne na ji masu shi suna kiran wani rok, wani metal, masu sauya takun kuma furogiresif. Kowa ya shiga farauta. Wanda ya je Kwatano ya dawo da kaset, wanda ya je Yamai ya dawo da faifai, masu zuwa Libiya aiki su aiko da nasu. Kowa kuma rantsuwa yake nasa ya fi. Da gardama ta yi yawa a rumfar, maigida ya ce tunda ni kaɗai ke iya zama in jure hayaniyar har ƙarshe, in riƙa raba musu. Ya sayo baƙin allo irin na makarantar boko ya rataya. Allon nan da kuke gani shi ne, fenti kawai nake sake masa.

Bari in gaya muku yadda ake auna waƙa ɗaya, don a nan ne aikin yake. Kujerar da kuke ganina a kai ta tsohuwar mota ce, na sayo ta wurin masu gwangwan. Sifikar da ke cikin akwatin katako daga ƙofar tirela aka ciro ta, don ba ni son in ji waƙa da daɗin da direba ba zai ji ba. Janareta kuma ba don wuta kaɗai nake jawo shi kusa da ƙafata ba, rurinsa ne ke tsaya mini a madadin inji. Waƙa da yawa tana da kyau a ɗaki, amma inji na tashi sai ya haɗiye rabinta. Ina idar da azahar sai in ci shinkafa da wake da mai har in ji na yi nauyi, in sauke labulen buhu don iska ta tsaya, in zauna ƙarƙashin kwano da agogo da takarda. Duk inda taku ya sauya in ja layi in rubuta minti. Duk inda kiɗa ya lafa in duba agogo in ga tsawon lafawar, don lafawa kaɗan tana da amfani, ita ke sa dukan da ke biye ya shiga jiki, amma in ta wuce minti ɗaya da rabi ta zama tabarma. Duk inda na ji kaina ya sunkuya in yi zagaye. Waƙa mai zagaye biyu ba ta ganin allo ko wane ne ya kawo ta. Sau uku nake yi, a rana uku daban, saboda jikin mutum na yau ba shi ne na gobe ba.

Bayan kunne sai magana. Ni Turancina bai wuce na lodi da sauke kaya ba, don haka akwai wani malamin sakandare da nake kai wa waɗanda suka tsallake, ya ji abin da ake faɗa a ciki. In akwai saɓo ko batsa, ta faɗi, ko da gangarta ta fi ta kowa. Na taɓa zubar da wata da har yau in na tuna yadda mai gangar ke aiki da ƙafa biyu sai in yi tsaki. Amma ba zan ɗora wa Musulmi abin da in mota ta kife shi ne na ƙarshe a kunnensa ba. Wani abin mamaki, malamin ya ce da yawansu ba komai suke faɗa ba sai labarin taurari da teku da tsufa da kewar gida. Duk wannan ihun, ashe mutum uwarsa yake tunawa.

Mafi wuyar aikin kuwa shi ne fuskar wanda ya kawo waƙa. Wani Alhaji ɗan canji, mai jakar sefa da ta fi cikinsa girma, ya taɓa kawo mini wata daga Yamai yana cewa duk duniya babu irinta. Na auna ta ta zo ta tara. Ya zo ya tsaya gaban allo yana nema daga sama, yana saukowa, yana saukowa, fuskarsa na saukowa tare da yatsansa. Ya ce, "Umaru, mi nai maka?" Na ce, "Alhaji, ba ka yi min komi ba. Waƙarka tana da kyau, amma ga minti na shida tana zama ta huta, direba ko ba ya da wurin zama." Wata uku yana wucewa ta gaban rumfata a kan babur yana kallon wancan gefen titi. Daga baya ya dawo da wata ta zo ta huɗu, ya saya wa duk wanda ke rumfar tsire. Mutum yana kawo maka waƙa ne kamar ya kawo ɗansa gaban malami, dole ka san yadda za ka faɗi gaskiya ba ka kunyata shi ba.

Yanzu sai shekarar da ba na son tunawa, wadda kuma saboda ita nake wannan rubutu. Lokacin maigida ya tsufa ya koma gida Konni, rumfa ta zama tawa, kaset ya mutu, faifai ma ya bi shi, mun koma kwamfuta da memori. Kwamfuta ta zo da wani abu da rikoda ba ta da shi, wato kana iya ɗora kibiya a kan layin waƙa ka tsallaka duk inda kake so. Ban san ranar da hannuna ya saba da wannan ba.

Akwai wani Bello, ɗan gidan 'yan kasuwar fata, da ya yi karatu a waje ya dawo. Duk garin nan babu wanda ya san kiɗan ƙarfe kamarsa, ya san ƙasar kowace ƙungiya da sunan mai gangarta. Sau tara yana kawo mini waƙa, sau tara tana hawa saman allo. Ta goma ya kawo ta ranar Lahadi, ranar kasuwa, rumfa cike da mutane, lokacin kuma albasa ta fito ana lodi ba tsayawa. Ya ce, "Baba, wagga ita ta uwarsu duka. Minti ashirin da ukku ta." Na saka abin kunne na danna. Wallahi minti biyar na farko ban taɓa jin irinsu ba. Taku ya sauya sau shida, jita biyu suna kora juna, gashin jikina ya tashi. Ana ta kirana ta ko'ina, wannan na son memori, wancan motarsa za ta tashi. Sai na ja kibiya zuwa kusa da ƙarshe, na ji nan ma wuta ake yi. Na ce a raina Bello bai taɓa kawo ta banza ba, gobe in Allah ya kai mu sai in zauna mata a kujera. Na goge ta ɗaya na rubuta sunanta. Gobe ta zo da nata aikin, jibi ma haka.

Ila Dogo na cikin waɗanda na tura wa a ranar. Lokacin ya manyanta, gemunsa ya fara fari, shi ne direbobi ke kira in an samu saɓani a tasha. Ya leƙa allo ya ce, "Sabuwa ta hau sama?" Na ce ta hau. Bai tambaye ni komai ba, ya sa memori a aljihu ya tafi, don shekara da shekaru bai taɓa samun dalilin tambaya ba.

Ran Laraba da la'asar labari ya iso tasha cewa motar Ila ta sauka daga titi bayan Koko, ta kwanta a rami. Ba wanda ya mutu, wanda suke tafiya tare ko ƙwarzane bai yi ba. Amma Ila ya karye a ƙugu, hannunsa na dama kuma ya murƙushe tsakanin sitiyari da ƙofa. Aka dawo da shi asibiti a Sakkwato. Na bi 'yan tasha muka je dubiya ranar Juma'a. Muka yi masa sannu, aka yi addu'a, mutane suka fara fita. Ina juyawa sai ya kira sunana a hankali, ya ce in matso. Na sunkuya kusa da bakinsa.

Ya ce, "Umaru, ta ɗayan ga, ka saurare ta har ƙarshe?"

Na dubi hannunsa da aka ɗaure.

Ya ce, "Je ka saurara. Ban hwaɗa ma kowa ba, kuma ba ni hwaɗi."

Washegari bayan azahar na ci abinci, na sauke labule, na ta da janareta, na zauna a kujera kamar yadda ya kamata in yi tun farko. Minti biyar na wuta suka wuce. A na bakwai ganguna suka ɗauke. Sai wata sarewa mai sanyi ta shigo, da ƙarar ruwa yana gudu a kan duwatsu, da murya can ƙasa kamar ana lallashin jariri. Na kafa ido a agogo. Minti biyu, uku, biyar. Ban ga na shida ba. Dukan gangar da ya dawo ne ya farkar da ni, biro ya faɗi ƙasa, yawu a gefen bakina. Da na koma na auna, minti tara cur lafawar ta yi. Ni da nake zaune a rumfa, da nauyin Ila a zuciyata, na yi barci. Ina ga mutumin da ya riga ya gaji, ya ajiye ta don ta cece shi? Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, don ba Ila kaɗai na tura wa ba, wasu suna kan hanya da ita a aljihu.

Ban tsaya rufe rumfa ba. Na hau acaba zuwa inda ake lodi, na karɓi lambobin waɗanda suka tafi, na shiga kira ɗaya bayan ɗaya ina cewa kada wanda ya kunna ta ɗaya, a goge ta. Kowa sai ya tambayi dalili. A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa in ce waƙar ta lalace wajen turawa, ai Ila ya ce ba zai faɗa ba. Na yi wa mutum biyu wannan ƙaryar. A na uku harshena ya ƙi. Na sauke allo daga ginshiƙi, na ɗauke shi a ka har gindin bedi, wato darbejiyar da direbobi ke zama, na jingina shi, na goge shi tas da hannun rigata a gabansu. Na ce, "Jama'a, ni nir rubuta ta ɗaya ban ji tsakiyarta ba. Akwai minti tara na barci ciki. Ita Ila yak kunna bayan Koko." Ba wanda ya zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi mini sauƙi. Wani dattijo a cikinsu ya ciro memorinsa daga aljihu, ya ajiye a kan benci kusa da ni, ya tashi. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Bello ya zo da yamma idonsa jawur yana ba ni haƙuri. Ya ce wurin sarewar nan shi ya fi so a duk waƙar, a kwance yake jin ta a ɗaki, bai taɓa kawo direba a ransa ba. Na ce masa ba shi da laifi, waƙar ma ba ta da laifi, har gobe ina cewa tana cikin mafi kyawun abin da kunnena ya ji. Shi aikinsa ya yaba, ni aikina in auna, ni ne ban yi nawa ba.

Shekarar nan allo a jingine ya yi ta, fuskarsa na kallon bango. Direbobi suka koma wurin masu tura dubu, wasu suka koma goro da ƙwayoyin da ba na son ambata. Na sayi allunan soket na shiga cajin waya, ina tura wa'azi da waƙoƙin biki ga matan da ke zuwa kasuwa daga ƙauye. Da su na ci abinci, kuma ina gode musu. Na je Konni na gaya wa maigida abin da ya faru, yana kwance a zaure ba ya gani sosai. Ya tambaye ni ko har yanzu ina da kujerar. Na ce tana nan. Ya ce to in koma in zauna a kanta. Haka na yi. Ba mai saye, ba mai tambaya, amma kullum bayan azahar sai in ta da janareta in auna waƙa ɗaya daga farko har ƙarshe, in rubuta a takarda in ajiye. Na ciro mawus ɗin da ke jan kibiyar kwamfuta na ɗaure igiyarsa a ƙusa, sai waƙa ta ƙare nake kwance shi. Kun sha tambayata dalilin wannan ƙusa, to ga shi kun ji.

Ila ya tashi, amma bai sake riƙe sitiyari ba. Hannun ya ƙage, yana tafiya da sanda, aka ba shi aikin rubuta lodi a tasha. Nakan je gaishe shi gida. Yakan karɓe ni da fara'a, a kawo ruwa, mu yi hirar farashin albasa da damina. Sau ɗaya na fara neman gafararsa ya ɗaga hannun lafiyayyen ya tsayar da ni. Ya ce, "Kwana biyu ban yi barcin kirki ba kahin tahiyar ga, wannan nawa na. Waƙarka ba ta tashe ni ba, wannan naka na. Sauran na Allah na. Kowa shi riƙa nashi." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Amma bai taɓa tako rumfata ba, in zai wuce ta layinmu sai ya zagaya ta bayan masu gyaran babur. Ban ga laifinsa ba.

Kaɗan kaɗan wasu suka fara dawowa, ba don sun manta ba, sai don dubun da ake tura musu ba ta da kai ba ta da gindi, mutum na tuƙi ba zai tsaya lalube ba. Na juyo da allo na rubuta tara, na bar layin sama babu komai. Wata da watanni yana haka. In an tambaye ni sai in ce ban samu ba tukuna. Gaskiyar ita ce na samu, wata ce mai minti goma sha ɗaya da wani bakanike ya kawo daga garin Tawa na Nijar, na auna ta ya fi sau goma ba zagaye ko ɗaya, lafawarta mafi tsawo ba ta kai minti ba. Ni ne dai na kasa ɗaukar alli in rubuta ta.

Wata Laraba da hantsi ina goge sifika sai na ji ƙarar sanda a kan dakalin rumfa. Na ɗaga kai na ga Ila, bayansa wani ƙaton saurayi mai tsawonsa sak. Ya ce wannan Nasiru ne, babban ɗansa, ya gama koyon mota a hannun wani abokin Ila, an ba shi tirela, zai yi tafiyarsa ta farko kudu shi ke riƙe da sitiyari. Na yi masa murna, na sa albarka, na jawo musu benci. Ila bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon allo, ya ɗaga sanda ya nuna layin da ba komai.

Ya ce, "Wanga wuri hwa?"

Na ce, "Akwai wadda nika gani ta isa, amma..."

Ya ce, "Rubuta ta. Ka tura mishi goman duka."

Mutumin da na raba da hannunsa ya kawo mini ɗansa. Na ɗauki alli na rubuta, rubutun ya karkace, ban gyara ba. Sannan na juyo na ce, "Yaya Ila, ka yi min haƙuri, ba ni iya ba shi yau. Sai na sake zama na ji su duka goman, kowace daga farko har ƙarshe. Kwana ukku nika so."

Nasiru ya dubi ubansa, da alama yana ganin tsohon nan ya cika tsirfa. Ila kuwa ya gyara riƙon sandarsa ya juya zai tafi.

Ya ce, "Na sani. Shi as sa nik kawo shi Laraba. Tahiyar Assabar ta."